Muryar Baba a Gonar Shinkafa

Inna ta kira ni a waya ina tsakiyar wasa. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da ke ba da labarin: magidanci da furfura a gemu, malamin makaranta a Talata Mafara, ya miƙe ƙafa a kan tabarma gaban talabijin yana tura wani ɗan mutum cikin rami. Na saki sandar wasan na ɗauka. Muka gaisa kamar yadda aka saba, ta tambayi iyali da aiki da zafi, ni ma na tambayi Maradun da mutanen gidan Yaya, babbar yayarmu, inda take zaune tun da zaman ƙauye ya gagara. Sai ta ce:

"Kasat ɗin nan da babanku yay yi magana ciki, yana nan wurinka?"

"Yana nan, Inna."

Wallahi bakina ne ya amsa, kaina bai ma iso wurin ba tukuna.

Ta ce, "To in za ka taho ka riƙo min shi. Huskatai ko na ruhe ido ina ganinta. Amma muryatai ta hwara ɓace min, ina son in ji shi."

Muka yi sallama. A talabijin dutse ya riga ya faɗo wa ɗan mutumin nan a ka. Ni kuma na san sarai inda kaset ɗin yake, kuma ba a gidana yake ba.

Kwamfutar da nake wasan da ita ta girmi aurena nesa ba kusa ba. Babanmu direba ne a wajen Turawan da suka yi aikin dam da hanyoyin ruwan noman rani. Da wani injiniya zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa ita. Wata aba ce ruwan ƙasa mai kauri kamar burodi, da madannai a samanta, ana jona ta da talabijin. Ya haɗa masa da ƙaramar rikoda da kwali guda na kaset-kaset, irin na kasuwa dai, waɗanda shi Baturen ya kwafi wasanni a ciki ya rubuta sunayensu da biro. Yadda ake yi, ka sa kaset, ka danna, ka zauna jira. Allon ya riƙa walƙiya da layi-layi, kai kuma kana addu'a kada a ɗauke wuta. Wani lokaci har a kira sallah a idar wasa bai fito ba.

Akwai wanda na fi so duk cikinsu. Mun sa masa suna Ɗan-rami, wani ɗan mutum ne da ke haƙa ƙarƙashin ƙasa yana tsintar duwatsu masu ƙyalli, manyan duwatsu na neman danne shi. Ana nan sai Baba ya sayo sabuwar rediyo mai cin kaset. Yana son ya gwada ɗaukar magana, ya miƙa hannu cikin kwalin ya zaro wanda ya zo masa, ya danna jan maɓalli. Ɗan-rami ne ya zo masa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ana ji? Ana ji?" Ya kira mu ɗaya bayan ɗaya da sunayen tsokana, ya ba da labarin yadda motarsa ta taɓa kafewa a laka a hanyar Bakura, ya yi dariya har tari ya kama shi, Inna kuma daga madafa tana yi masa faɗa a kan tuwo. Kowa a gidan ya ji daɗin abin ban da ni. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, kuma daga ranar sunan kaset ɗin a wurina "wanda Baba ya ɓata".

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa aka zo rabon tarkace, babu wanda ya kalli kwamfutar, sai na ɗauko ta da kwalinta na jefa saman sif. Ta daɗe a nan. Wani tsohon ɗalibina mai gyaran waya ne ya nuna min a intanet cewa akwai masu irin haukata a duniya, har sun ƙera wa waɗannan tsofaffin kwamfutoci kayan zamani. Na sa aka yi min oda. Aka kawo wani ɗan akwati da bai fi kwalin ashana ba, ana cusa masa memori irin na waya, yana maye gurbin rikoda. Aka kawo wata igiya da ke haɗa ta da talabijin na bango, da sabon abin ba ta wuta wanda sola ke iya ɗauka. Na jona ina karanta duk addu'ar da na sani. Kai! Sai ga shuɗin allon nan ya fito, tas, kamar jiya na kashe shi. Wasanni kuwa a memorin sun fi ƙarfin ƙirga, babu jira, ka danna ya fito. Na yi ta gangarawa ƙasa har na ci karo da Ɗan-rami. Da kiɗansa ya tashi sai da na yi ƙwalla. Matata ta leƙo ta ce, "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki."

Cikin wannan ɗokin taubashina ya zo, ɗan kawuna, manomin shinkafa a Bakura. Ya tarar na baje kayan saman sif ina kakkaɓe ƙura. Ya ce, "Malam, kai da ka waye har ka koma yaro, mi za ka yi da kasat?" Shinkafarsa ta fid da kai, tsuntsayen jan-baki sun sa shi gaba. A wajenmu kuwa an san maganinsu. A fasa kaset, a zare zaren, a ɗaura shi a jikin sanduna daga wannan kunya zuwa waccan. Rana ta haska shi yana ƙyalli, iska ta kaɗa shi yana gurnani, tsuntsu ya tsorata. Yanzu kaset ya yi wuya, manoma har cigiyarsa suke yi. Na ce ya kwashe duka ya rage min shara. Kuma ba zan ce ban ga na Baba ba. Na gan shi, na riƙe shi a hannuna, na karanta rubutun Baturen a jikinsa, abin da ya zo min a rai kawai shi ne, ai na sami Ɗan-rami mai kyau yanzu. Na jefa shi cikin kwalin da hannuna.

Washegarin kiran Inna na hau babur na nufi Bakura. Tun daga kan hanyar ruwa na hango gonar tana walƙiya. Zare ko'ina, baƙi-baƙi, an yi masa saƙa a saman shinkafa, iska na kaɗa shi yana wani irin kuka ƙasa-ƙasa. Na tsayar da babur na sauka.

Taubashina ya fito daga bukka yana dariya. "A'a, ɗan birni! Ka zo karɓar la'ada?"

Na hau shi da faɗa. Na ce wane irin mutum ne shi da zai fasa kayan mutane bai saurara ba, bai tambaya ba? Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Kai kab ba ni, kac ce shara ce." Da na gaya masa muryar Baba na cikin ɗayansu sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya cire hula ya ce inna lillahi, domin shi ma Baba ya sha goya shi a gaban mota.

Ɓawon kaset ɗin suna nan a bayan bukka, tuli guda. Na tona na sami na Ɗan-rami, fanko, an fasa shi da dutse. Zaren kuwa ya yayyanka shi daidai tsawon kunya, ya gauraya da na sauran, babu mai iya cewa ga na wane. Allura ce cikin ruwa. Ya ce mu kwance duka. Na dubi shinkafar, ƙwayarta tana ruwa-ruwa, na dubi jan-baki sun yi baƙi a kan bishiyoyin bakin gona suna jira. Abincin gidansa na shekara ke nan. Sai muka yi musaya. Na koma kasuwa na sayo ledoji masu ƙyalli muka yayyaga, duk layin da muka kwance mu maye shi da leda. Mun kwance gefen da ya ce yana jin da shi ya fara. Sauran kuwa na ce a bar shi, don leda ba ta gurnani, kuma ban da ƙarfin halin ƙara masa asara a kan tawa. Na dawo Mafara da buhu cike da zare a cukurkuɗe.

Kwanakin da suka biyo baya, in na dawo daga makaranta ba na kallon talabijin. Sai in shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, in warware zare, in goge shi da tsumma, in naɗa shi a cikin ɓawon wani kaset da biro. Inda ya tsinke in liƙa da jan-farcen matata, yadda muke yi muna yara. In sa a tsohuwar rediyon Baba, wadda ita ma sai da aka canja mata roba. Abin da ke fitowa ƙara ce kawai, tsiiii, ƙirrr, kukan wasannin Bature, wani ma rana ta cinye shi sai huci. Na zagi zaren, na zagi tsuntsaye, na zagi wanda ya ƙera ɗan akwatin nan mai memori, alhali ba shi ya jefa kaset a kwali ba. Matata ta daina tsokanata, sai dai ta ajiye min ruwa ta wuce. Inna ta sake kira, na ce aiki ne ya riƙe ni. Wannan ƙaryar ta fi ta farko ci min rai, domin ita da saninta na yi.

Ran nan da la'asar, cikin wani guntun zare da ya yi lanƙwasa, ƙarar ta yanke. Sai na ji tari. Tari biyu, da guntuwar dariya a ƙarshensa. Daga can nesa muryar mace, yarinya shakaf, tana cewa, "Malam, tuwo na hucewa!" Sai huci ya dawo. Na gwada duk abin da ya rage a buhun, ban ƙara samun komai ba. Babu "ana ji", babu sunayenmu, babu labarin motar da ta kafe. Na ɗauki ɗan abin da na samu a waya, kada shi ma ya salwanta.

Na tafi Maradun da safe, lokacin da motoci ke tafiya a jere. Na sami Inna a ƙofar ɗakin da Yaya ta ba ta, tana tsince wake da lalube, don idon ya yi rauni. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwar ta yi min tsawo a ranar kamar ba za ta ƙare ba. Na sa mata wayar a kunne na danna. Ta ji. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "Tarin nan nashi na. Haka yaka yi in dariya ta ci ƙarhinai." Ta sa na maimaita har ban san iyaka ba, tana murmushi, tana cewa wai ji muryarta kamar ta tsuntsu. Sannan ta sauke wayar a cinya.

"Ina sauran?"

Na gaya mata. Ban rage komai ba, har da riƙe kaset ɗin da na yi a hannuna kafin in jefa. Yaya, da ke tsaye a bakin madafa, ta saki salati ta fara, "Amma dai kai ko, da girmanka..." Inna ta ɗaga mata hannu. Na so ƙwarai ta bar ta ta zage ni, da na sami sauƙi.

Inna ta daɗe tana juya wake a faifai. Can ta ce, "Shinkahwar ta tsira?"

Na ce ta tsira, an kusa yanka.

Ta gyaɗa kai. "To, ya yi gadi ke nan. Da ma babanku bai iya zama haka nan ba aiki." Ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙo min wayar. "Sa min tarin nan kuma."

Bayan girbi taubashina ya kai mata shinkafa har Maradun, bai gaya min ba. Ita kuma ta sa Yaya ta ɗebi rabi ta aiko min Mafara, wai rabona ne. Matata ta yi tuwo da ita ranar Juma'a, ta kawo min zaure, kusa da kwamfutar da na rufe da zane tun dawowata daga Bakura. Na wanke hannu na zauna ina kallon kwanon. Da ta dawo ɗaukar kwano ta tarar ban taɓa ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, tuwo na hucewa."