Murhun Baba da Gidan Zanzaro

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Waɗanda suka aiko saƙo ban amsa ba, ku yi mini afuwa. Rashin lafiya na yi, kuma da hannuna na jawo wa kaina.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Cikin abin da ya bari akwai wani tsohon murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki, irin mai cin kwal, mai dogon bututun hayaƙi. Tare da shi akwai ƙasidar da ke bayanin yadda ake sarrafa shi.

Inna, mahaifiyata, tana fama da ciwon gwiwa, sanyi kuma yana tsananta mata shi. Da muka shirya za ta zo daga Zariya ta yi sanyin bana a wurinmu a Karu, sai na ƙudurta gyara murhun in kafa mata a ɗakinta.

Waɗanda suka san ni sun san ba na taɓa abu sai na karanta takardarsa. Na karanta ƙasidar nan sau huɗu. Na kankare tsatsa, na kai ƙofar murhun aka yi mata walda, na fasa bango na fitar da bututu. Tun ƙarshen damina na share cikin bututun tas, na sa alama cewa an gama. Kwal ba ya samuwa, sai na koma ga gawayi.

Ƙasidar ta ce a toshe kafofin da zafi ke zurarewa. Na bi ƙasan ƙofa da gefen taga da tsumma.

Kullum bayan sallar asuba sai in shiga in hura wuta, in rufe ƙofa, in zauna da agogo da littafi ina rubuta minti nawa ɗakin ke ɗauka kafin ya yi ɗumi.

Matata, Maman Sadiya, takan leƙo ta ce, “Malam, ɗakin nan ya yi nauyi, bari in buɗe taga.”

Ni kuma in ce, “Takarda ba ta ce haka ba.”

“To, takardar ce za ta yi maka numfashi?”

A mako na biyu ciwon kai ya fara. Sai jiri, sai tashin zuciya. Idan na isa shagona a Wuse, kafin azahar ya lafa. Aka yi mini gwajin zazzaɓin cizon sauro, babu. Aka yi na taifot, babu. Aka auna hawan jini, lafiya lau. Tsoro ya kama ni, na fara zargin ko ƙari ne a kaina. Ban gaya wa kowa ba, amma duk na rubuta a littafin nan, kowane ciwo da lokacinsa.

Ana saura kwana biyu Inna ta iso, na shiga gwaji na ƙarshe. Na tuna na miƙe zan buɗe ƙofa, ƙafafuna suka ƙi. Ban tuna komai bayan nan ba.

Maman Sadiya ce ta kawo mini koko ta tarar da ni a ƙasa. Ita kaɗai ta jawo ni har tsakar gida, ta kira maƙwabcinmu ya kai mu asibiti. Da hankalinta ya tashi ma ba ta manta da littafin ba. Ta ce ta san in na farka shi zan fara tambaya.

Na farfaɗo da robar iskar oksijin a fuskata. Aka ɗebi jini, aka yi gwajin zuciya. Likitar ta zauna tana buɗe littafina shafi-shafi, can ta ɗago ta ce, “Oga, kai ka rubuta ciwonka da kanka. Duba, kullum bayan ka kunna wuta ne.” Ta ce gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, a rufaffen ɗaki kuma tana kisa.

Na ce ai akwai bututu.

Da maƙwabcinmu ya hau ya duba, sai ya tarar zanzaro ya gina gidan laka ya toshe bakin bututun daga waje. Bayan sharar da na yi ya gina shi. Waɗanda suka rubuta ƙasidar ba su san zanzaro ba, ni kuma da na san shi ban sake leƙawa ba, saboda na riga na sa alama.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne, a ɗakin nan Inna za ta riƙa kwana, ƙofa a rufe.

Kwana uku na yi a asibiti. Bayan sallama na ɗauki makonni ina fama da ciwon kai da mantuwa. Sai in ɗauki waya in rasa wa zan kira. Yanzu alhamdulillahi, na koma shago.

Inna ta iso ina kwance. Ta dube ni ta ce, “Babanka bai taɓa hura shi ba sai da taga a buɗe. Da ka tambaye ni.”

Shekara ashirin ta yi tana zuba wa murhun nan wuta. Ban tambaye ta ba.

Ina godiya ga Allah, da likitoci da ma'aikatan jinya, da maƙwabcinmu, da ku da kuka yi cigiya.

Shawarata: kada ku hura gawayi a rufaffen ɗaki, ko a murhu ko a kasko. Mai bututu ya duba bakinsa na waje kafin kowace wuta. Ciwon kan da ke zuwa a gida ya tafi a waje, a gaya wa likita haka.

Inna dai bargo biyu da man zafi ta zaɓa. Murhun yana baranda, a kansa ake ɗumama mata ruwan alwala. Jiya na buɗe tagar falo da kaina, Maman Sadiya ta ce, “Malam, a wane shafi ka gani?”

Na ce, “A bakinki na ji.”