Igiyar Takalmi a Motar Abu Salim

Har yau ban manta da Juma'ar da aka tura ni rakiyar janwe, wato motar ɗaukar motoci, zuwa taron masu tsofaffin ƙananan motoci ba. Ku da kuka zo garejin nan kuka tarar da ni ina ba da umarni, ku sani a lokacin ni ne ƙasa da kowa. Shekarata ta biyu ke nan a Dubai, jirgin ƙasa na metro bai daɗe da fara aiki ba, kuma abin da ke rubuce a takardata shi ne mataimakin bakanike. Aikina in juye baƙin mai, in wanke fulogi, in miƙa sifana. Bas ce ke kwaso mu daga masaukinmu na Muhaisnah da safe, ta mayar da mu da yamma.

Dokar garejin mai tsauri ce. Kowace mota tana da katin aiki, wato takardar da foman ke rubuta abin da za a yi mata, mai mota ya sa hannu. Abin da babu a kati ba ka taɓa shi. A wajen gareji kuwa, mataimaki irina ko bonet bai isa ya ɗaga ba. Wanda ya saɓa, sallama ce, kuma kun san a ƙasar nan idan aiki ya tafi, da biza yake tafiya.

Ranar Alhamis foman ɗinmu, wani Ba'indiye mutumin Kerala da muke kira Oga Jos, ya ce gobe zan bi Yakubu. Yakubu Bahaushen Zangon Kumasi ne, direban janwe, ya ba ni shekara goma. Za mu ɗauko motar wani dattijo Balarabe mai suna Abu Salim daga gidansa, mu sauke ta a filin taro, mu jira, mu mayar da ita. Nawa aikin ɗaure sarƙa ne da kwancewa, shi ke nan.

Da muka isa aka yaye ƙyallen da aka lulluɓe motar da shi, sai ga kunkuru. Motar nan mai doro, mai inji a baya, wadda ba ta shan ruwa sai iska. Launin madara, ko ƙwarzane babu. A kan irinta na koyi aiki a Ƙofar Ruwa tun ina ɗan yaro, kuma rabon da in ga ɗaya a kan ƙafafunta har na manta. Na yi ta zagaye ta ina murmushi ni kaɗai, har Yakubu ya ce in zo in kama sarƙa tun rana ba ta yi ba.

Filin taron yana bayan gari. Tun daga ƙofa hankalina ya bar jikina. Na fara ƙirga motocin, na ɓata, na haƙura. Kunkuru kala-kala a jere. Ga wasu 'yan gajeru daga Ingila da ƙyar rufinsu ke kai mini ƙirji, ga na Italiya kamar a ɗauka a saka a aljihu, ga wata mai ƙafa uku wadda ƙofarta a gaba take, ana buɗe ta kamar firiji. Wasu a kwantena aka kawo su daga Japan da Jamus da Afirka ta Kudu, wasu kuma masu su ne suka tuƙo su daga Oman. Na ga tsoho mai furfura sanye da gajeren wando yana goge ƙafar mota da buroshin haƙori. Na leƙa wannan inji, na durƙusa ƙarƙashin wancan, na ɗauki hoto har wayata ta ce ba wuri. Yakubu yana biye da ni yana cewa, “Ɗan Kano, yi a hankali, za su ɗauka saye ka zo yi.”

Bayan sallar Juma'a Abu Salim ya zaunar da mu a inuwar rumfarsa, ya ba mu gahawa da dabino. Da ɗan Larabcina na gareji na fahimci labarinsa. A wannan motar ya ɗauko amaryarsa zuwa gida tun garin nan yana ƙarami. Shekara biyu ya yi yana gyaranta don wannan rana. Matar tasa, Ummu Salim, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, amma 'ya'yanta sun kawo ta a keken marasa lafiya, sun ajiye ta a layin gaba na 'yan kallo, don ta ga motar ta wuce.

Da la'asar aka fara kiran lambobi don zagayen fili, wanda shi ne babban abin taron. Dattijo ya shiga, ya murɗa makulli, inji ya ɗauka da ƙararsa mai daɗi. Ya taka totur, sai fedar ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi. Tun daga inda nake tsaye na san mene ne: wayar totur ta tsinke. Wani jami'in taro ya zo da takarda a hannu ya ce saura motoci goma sha biyu a kai kansa, idan ba ta tashi ba za a tsallake ta.

Abu Salim ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ya juya yana duban wajen 'yan kallo.

Na jawo Yakubu gefe na gaya masa zan iya tayar da ita. Ya dube ni ya ce, “Ka san abin da zai biyo baya idan ka taɓa?” Na ce na sani. Sai ya ciro wayarsa ya kira Oga Jos, wanda ke hutu a gidansa na Bur Dubai. Na yi masa bayani ina haɗa Turanci da Larabci. Ya tambaye ni ko na taɓa yi. Na ce sau da yawa, a kan hanyar Zariya. Ya ce a rubuta a bayan takardar ɗaukar mota cewa mai mota ne ya nemi gyaran gaggawa, ya sa hannu, Yakubu ya zama shaida. Ya ƙara da cewa, “Idan fenti ya ƙwarzane, ban san ka ba.”

Dattijo ya sa hannu ko karantawa bai yi ba. Na kwance igiyoyin takalmina, na ce Yakubu ya kawo nasa. Na ƙulla huɗun suka zama ɗaya, na ɗaure bakin a hannun totur na kafireto, na ɗan ɗaga murfin inji, na naɗa tsumma duk inda igiyar za ta gogi fenti, na jawo ta ta gefen mota zuwa taga. Na shiga kujerar baya na riƙe. Na yi masa nuni: shi da kuloci da giya da birki, ni da wuta.

Gwajin farko motar ta zabura kamar ragon da ya tsinke igiya, saura ƙiris mu kwashe teburin gahawa. Abu Salim ya fashe da dariya. “Shuwayya shuwayya, ɗana,” ya ce, wato a hankali. Muka daidaita: idan ya ce zid, in ja, idan ya ce shuwayya, in sassauta. Daidai nan aka kira lambarmu.

Ban san yadda zan kwatanta muku zagayen nan ba. Gabanmu wata 'yar ja, bayanmu mai ƙafa ukun nan, ko'ina hon. Hannuna a waje, igiya tana cin yatsuna, ni kuwa ko a jikina. Mutane suka lura, aka fara nuna mu, dariya ta bi layi har ƙarshensa, sai tafi. Mai magana a lasifika ya faɗi wani abu da ban ji ba, filin ya sake ɗauka. Daɗi ya ɗebe ni na ja fiye da ƙima, muka kusa shiga bayan 'yar jan nan, dattijo yana taka birki yana kiran shuwayya yana dariya har ƙyallen kansa ya karkace.

Da muka zo daidai layin gaba ya ce in sassauta duka. Motar ta riƙa tafiya kamar ana tura ta. Ya danna hon sau biyu. Wata tsohuwa cikin baƙar abaya ta ɗaga hannu ɗaya daga kan kekenta, ta riƙe shi a sama har muka wuce. Ta madubi na ga hawaye a gemunsa, amma bakinsa bai daina dariya ba. “Yalla, zid,” ya ce, na ja.

Muna tsayawa aka yanyame mu. Wata Bajamushiya, dattijuwa, ta je ƙarƙashin kujerar tata kunkurun ta ɗauko sabuwar wayar totur. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta kwanta ta gaba tana zura wayar, ni ina baya ina karɓa, Yakubu yana miƙo filaya yana jan takalma ba igiya. Kafin magariba mota ta koma daidai.

Ranar Lahadi, da aka koma aiki, Oga Jos ya karanta takardar, ya haɗa ta da kati, ya je da kansa ya duba fentin. Bai yabe ni ba. Amma daga makon duk tsohuwar motar da ta shigo, sunana yake rubutawa a katinta, kuma kafin shekara ta zagayo aka cire kalmar mataimaki daga takardata.

Abin da nake so ku ɗauka biyu ne. Dabara tana da ranarta, amma ku nemi izini kafin ku nuna ta. Minti biyu kiran wayar nan ya ci mana. Na biyu kuma, kada ku raina mai tsohuwar mota don kun ga yana damuwa da abin da ku a wurinku ƙarfe ne. Ni dai tun ranar, idan aka shigo da irinta, kafin in tambayi me ya lalace, sai na tambayi mai ita wa ya taɓa ɗauka a ciki.