Leƙa Gabas, Auta

Ummanmu tela ce, kuma duk layinmu babu wanda bai san ƙarar kekenta ba. Tun ina ƙarama keken nan yake wuri ɗaya, a gindin tagar ɗakinta mai kallon gabas. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya sha cewa a dawo da shi falo inda akwai fanka, ita kuwa ta ce hasken tagar nan shi ne jarinta. Gaskiya ta faɗa, amma ba duka ba. Umma na son tagar ne saboda bakan gizo.

In damina ta kama, Umma takan koma wata iri. Hadari na haɗowa za ta fara rabon aiki daga kan kujerarta: a kwashe shanya, a tara bokiti a bakin indararo, a rufe tagar kicin kar ruwa ya jiƙa ashana. Mu muna ta kai da kawowa, ita ƙafarta na kan keke. Amma da zarar ruwa ya tsagaita da la'asar, rana ta leƙo ta bayan gida, sai ka ji keke ya tsaya cak. Ko wuyan riga take ɗinkawa, a nan zai jira. Ta taɓa barin wata mata tsaye, hannuwa a buɗe tana auna ta, ta wuce taga abinta. Matar ta tambaya ko lafiya, Umma ta ce ta matso ta gani, riga ba guduwa za ta yi ba.

Ba ita kaɗai ke da wannan ciwon ba. Ƙanwarta, wadda muke kira Inna Auta, tana aure can ɗaya gefen gari, kuma akwai wata doka a tsakaninsu: wadda ta riga ganin bakan gizo ita za ta kira 'yar'uwarta a waya. Babu gaisuwa, babu ya yara. "Leƙa gabas," sai ta kashe. Bayan nan kuma su sake kiran juna su yi ta gardamar wa ya riga wa gani, kamar ba iyayen wasu ba.

Abin ya samo asali ne tun suna yara. Gidan da suka tashi katangarsa doguwa ce, ba a hango komai sai tsakiyar sama. In an ɗauke ruwa, Umma kan ɗora Auta a kafaɗa ta leƙa ta saman katanga, ita kuma ta riƙa faɗa mata abin da take gani. Umma ta ce rabin bayanin ƙarya ne, don Auta har launin da babu shi a duniya takan ƙara. Duk da haka ba ta taɓa fasa ɗaga ta ba, sai da nauyi ya hana.

To, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Da auren 'yar Inna Auta ya tashi, Umma ta share keke, ta sa masa mai, ta sayi sababbin allurai tana jiran kayan amarya. Shiru, shiru. Ashe an kai su wajen wani matashin tela a kasuwa. A bakin wata mai kawo ɗinki Umma ta ji. Da suka haɗu ta tambaya a hankali, Inna Auta kuwa bakinta ba shi da linzami, a gaban mutane ta ce, "Yaya, idonki ya fara gajiya, ban so in wahalar da ke ba."

Raina ya ɓaci ranar nan, kuma da su duka biyun. Inna Auta ba ta iya magana ba, wannan kowa ya sani. Amma ni ce nake zura wa Umma zare a allura tun kafin lokacin, kullum da dalilinta: yau hannunta da maiƙo, gobe zaren ne ba shi da kyau. Gaskiya ɗaci gare ta, balle a miƙa maka ita a cikin taro.

Umma ta je bikin, ta gaisa da kowa, ta dawo ta cire mayafi ta hau keke. Ba faɗa, ba zagi. Gaisuwa ce kawai ta koma ta bakinmu: ki gaida Innarki, ki ce wa Yaya ina gaishe ta. Da damina ta zo na zuba ido in ga yadda za a yi. Ranar da bakan gizo na farko ya fito, keke ya tsaya kamar kullum. Umma ta ɗauki waya, ta juya ta a hannu, sannan ta tura ta ƙarƙashin tarin yadi. Wayar ma ba ta yi ƙara ba. Na ce mata hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta ce in je in duba tukunya kafin ta kama. Haka daminar ta wuce, kuma abin ya riƙa ci mini rai, don na san su biyu ne kawai suka rage a ɗakinsu.

Da rani maƙwabcinmu ya ɗora bene. Haƙƙinsa ne, filinsa ne, ba mu da ta cewa. Muna kallo bulo ya yi ta hawa har ya cinye samaniyar tagar Umma, ya bar mata bangon siminti wanda in ka miƙa hannu sai ka kusa taɓa shi. Ɗakin ya yi duhu. Yayana ya rataya mata ƙwan lantarki a saman keke, ya kuma roƙe ta a koma falo. Ta ce ita da keken sun tsufa da ƙaura.

Daminar da ta biyo baya ta zo da rikici. Sai a haɗa hadari baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, iska ta watsa shi. Wata rana kuma rana na tsaka ruwa ya sauko ba sallama. Umma, wadda a da ko kallo ɗaya ta yi wa gabas ta san abin da ke tafe, yanzu sai ta tambaye ni yaya garin yake.

Wata la'asar ina guga a ɗakinta aka yi ruwa mai ɗan ƙarfi, ya dawo yayyafi. Rana ta fito ta bayan gida, haskenta ya sauka a can saman bangon maƙwabci, rawaya sosai. Keke ya tsaya. Umma ta daɗe tana kallon bangon nan, sannan ta ce bakan gizo yana can, irin wannan hasken ba ya zuwa shi kaɗai. Na ce ta tashi in raka ta bakin titi, daga can ana ganin gabas tas. Ta girgiza kai. Ta laluba cikin yadi ta ciro waya, ta kai ta kusa da fuska, ta nisanta ta, sai ta miƙo mini.

"Nemo mini Auta."

Na nemo lambar na buga. Bugu ɗaya aka ɗauka, kamar dama wayar na hannu. Na sa ta a kunnen Umma, amma ɗakin shiru, ina jin komai.

"Leƙa gabas," in ji Umma.

"Ina tsakar gida, Yaya, shi nake kallo. Kin riga ni."

"Ban riga ki ba. An toshe mini taga." Ta murza ido. "Ko ba a toshe ba ma, na bara duk kamar hayaƙi na gan su. Faɗa mini yadda yake."

Can ɓangaren sai jan hanci kake ji. Daga nan Inna Auta ta fara: ya taso daga bayan tankin ruwa ya faɗa can wajen itatuwa, babba ne, kuma akwai wani siriri a samansa. Ta shiga jero launuka, ta ce kore ne a sama.

"Ja ne a sama," in ji Umma. "Ke har yau ba ki daina ƙarya ba."

Dariya suke ko kuka, ban tsaya tantancewa ba, don na ji ƙauri, ashe na bar dutsen guga a kan ɗankwalina. Na fita na ja musu ƙofa.

Washegari da hantsi sai ga Inna Auta da leda cike da zannuwa, wai kalmasa kawai za a yi musu. Ba wadda ta ta da zancen biki. Ta jawo kujera ta zauna gefen keke, ta ɗauki allurar hannu ta zura mata zare, ta soke a jikin matashin allura, ta ɗauki wata. Umma ta miƙa hannu ta zare ta farko ba tare da ta kawo wani dalili ba.