Yadda Na Mulmula wa Alhaji Fulawa a Kwamfuta

A shekarun da kwamfuta ta fara yawa a Azare, ina da wani ɗan shago kusa da tasha, inda nake zana wa mutane filan gida. Kwamfutar ta hannu na saya, in ta ɗau zafi sai ta riƙa gurnani kamar injin markaɗe. A cikinta akwai wata manhajar zanen gidaje da abokina ya kawo mini a faifai daga Kano. Abin da ke burge mutane da ita, in ka gama filan kana iya tayar da gidan tsaye a allo, mai shi ya ga bango da rufi da fenti, har ya zagaya baya, alhali ko bulo ɗaya ba a ɗora ba.

Wata rana da hantsi wani Alhaji, aminin mahaifina, ya zo duba nasa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya daɗe a Jos, ya yi ritaya ya dawo gida ya sayi fili a hanyar Shira. Na juya masa gidan gaba da baya, yana gyaɗa kai.

"Ɗana, gida ya yi," in ji shi. "To ina fulawar?"

"Wace fulawa, Baba?"

"Irin ta tsofaffin gidajen Jos. Layi biyu, daga ƙofa har baranda, kowace an aske ta ta mulmule kamar malmalar tuwo. Shekara da shekaru ina wuce su a hanyar ofis, na ce ran da Allah ya ba ni nawa sai na yi."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na buɗe wurin da manhajar ke ajiye shuke-shuke, sai na tarar da bishiyoyin ƙasar sanyi masu tsini, da wani shinge mai kusurwa huɗu. Na jawo shingen na ajiye a ƙofar gidan. Alhaji ya kalla ya ce, "Wannan ai bulo ne ka shafa wa kore." Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce in ɗauko ƙwallo, don manhajar na da shi a cikin siffofinta, in ba shi launin kore. Na jera goma sha biyu, shida dama shida hagu, sumul-sumul, har da ƙyalli. Ni dai a idona sun yi. Da Alhaji ya dawo ya saka tabarau, ya matso da fuskarsa, sai ya tuntsire da dariya har hularsa na zamewa.

"Kankana! Kankana ka shuka mini a ƙofar gida? Ai da ita nake so, da na tafi gonata ta Chinade."

Bayan ya tafi na zauna na yi wa kaina gaskiya: ban taɓa tsayawa na kalli irin wannan fulawar da kyau ba. Na tuna akwai wani gidan saukar baƙi a cikin gari da ke da ita. Na ari kyamara, na hau babur na nufi can.

Mai kula da lambun wani tsoho ne Babarbare, iyayensa daga Borno suka zo. Na same shi da wani ƙaton almakashi a hannu. Da jin maganata ya gane ni Bafillace ne, wasa kuwa ya tashi.

"Bafillace da fulawa? Ku da ba ku san ganye ba sai wanda saniya ke ci?"

"Shi ya sa na zo wurinka, Baba. Ai dama mu muka ba ku aikin."

Ya yi dariya, ya ce in tsuguna. Na tsuguna. Da na ba shi labarin ƙwallon da na jera wa Alhaji a allo, ya ce ƙwallo a wuri ɗaya yake taɓa ƙasa, ita kuwa wannan zaune take kamar kaza a kan ƙwai. Ya ɗaga gefenta da bakin almakashi, na ga duhu a ƙarƙashi da 'yan sanduna. Ya nuna mini sabon toho a sama yana ɗaukar ruwan ɗorawa, na tsakiya kore shar, na ciki kamar baƙi. Sannan ya ce in nemo masa guda biyu da suka yi daidai da juna. Na bi layin kaf ban samu ba.

Ina ɗaukar hotunan ganyen ya ce, "Ka gaya wa Alhajin naka, wannan shan ruwa gare ta. Bazarar Azare ba ta Jos ba ce. In yana son wadda za ta zauna, ya dasa lalle. Yana jure rana, yana kuma karɓar aski."

Na koma shago na kama aiki. Na yanke gindin ƙwallon, na danne shi ya ɗan baje, na lulluɓe shi da hoton ganye. Ya fito kamar ƙwarya da aka ɗaure da atamfa. Sai na riƙa yin ƙananan curi-curi kamar dawon fura, manya da ƙanana, ina manna su a jiki, na saman masu haske, na ƙasan masu duhu, na shimfiɗa inuwa a gindi. Kwamfutar ta ce ba ta san zancen ba. In na ce ta fitar da hoto, sai in je sallar azahar in dawo, in ci abinci, tana nan tana nishi. Dole na rage curin. Daga nan na bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan in karkata shi, wancan in rage masa tsawo, wani in lotsa masa gefe.

Wannan karon Alhaji da Hajiyarsa ya zo. Da hoton ya bayyana, sai ya miƙa yatsa ya shafa allon. Can ya ce, "Su ne. Wallahi su ne."

Hajiya ta leƙo ta ce, "Sun yi kyau. Wa zai riƙa ba su ruwa?"

Nan na isar da saƙon mai lambu. Alhaji ya ɓata fuska, ya ce lalle ai shukar bayan ɗaki ce, ta mata. Hajiya ta ce, "To, Alhaji, in watan azumi ya faɗo a bazara, kai za ka riƙa jan guga." Ya cire tabarau ya goge, ya ce a gwada. Ni aka bari da sabon aiki, don ganyen lalle ƙanana ne, sai da na sake ɗauko hotuna na canja wa duka goma sha biyun riga.

An gina gidan, an dasa lallen, tsohon mai lambun nan ya riƙa zuwa duk Asabar da almakashinsa. Bayan damina uku suka mulmule, har masu wucewa kan rage gudu su kalla. Abin da babu wanda ya hango shi ne matan unguwa. Da zarar biki ko suna ya matso, sai su shigo gaida Hajiya, kowace ta fita da ganye a bakin gyale. Alhaji ya kafa kujera a baranda yana gadi, amma ina, in ya shiga alwala kafin ya fito an yagi gefe.

Ran da na kai masa ziyara na tarar ya haƙura, an yi sulhu. Guda biyun da ke bakin ƙofa ya sallama wa mata, sun koma kamar kajin da aka fige, sauran goman kuwa yanzu ko ɗan ganye ba a taɓawa. Ya nuna mini su da sandarsa, ya ce, "Waɗannan biyun zakka ce." Sannan ya ƙwalla wa Hajiya kira ta kawo mana fura, ya ce in zauna, akwai wani maƙwabcinsa da ke son filan.