Latti

Jikata ta fita da gudu yau tana cewa ta yi latti, sai kawuna ya faɗo min a rai. Shi ne hedimastanmu a Tambuwal shekarar samun 'yancin kai, kullum hannun rigarsa fari fat da alli.

Ranar da na makara bai doke ni ba. Ya rubuta "late" a allo, ya ce, "Daga nan latti ta hito. Kuma da ita Turawa ka kiran mamaci. Kiyaye ta, ɗana."

Ina aiki a Kebbe saƙon ciwonsa ya same ni, na ce sai Juma'a. Na iso ana dawowa daga maƙabarta.

Kawu, na sake yin latti. Allah Ya haskaka kabarinka.