Harsasan Orval Da Aka Rasa Mai Harbawa

Orval Hegstad ya fara ɗura harsashi da hannunsa, wato haɗa shi a gida maimakon saye, a shekarar da aka haifi 'yarsa ta biyu, kuma har yau cewa yake tsimi ne ya sa shi. Abokinsa Duane Pfeifer ya ce shi yana ɗurawa ne don bindigar kakansa, wadda kamfanoni suka daina yi wa harsashi tun kafin a haife shi. Wasu masu ɗurin su ce na kanti ba ya tafiya daidai. Ni dai abin da na lura da shi, kowannensu yana da gareji mai ƙofar da ake rufewa ta ciki.

Shekara talatin da ɗaya Orval ya yi yana awon alkama a rumbun hatsi na bakin layin dogo, nan gabashin jihar Montana. Da ya yi ritaya sai ya ci gaba da awo, amma na albarushi. Aikin ba shi da wani asiri: ka tsinci kwanson harsashin da aka harba, ka wanke, ka gyara masa baki, ka zuba albarushi gwargwado, ka ɗora masa kai ka matse da inji. Orval yakan yi hamsin a yini yana sauraron rahoton yanayi a rediyo. A filin harbi na bayan gari an san shi da tafiya a sunkuye kamar kaza tana kiwo. Kwanso bai gama hucewa a ƙasa ba ya shige aljihunsa.

Masu wannan sha'awa suna da doka ɗaya da ba a takawa: ba a harba abin da wani ya ɗura. Mutum zai ara maka motarsa, ya bar maka karensa na mako biyu, amma ba zai sa harsashinka a bindigarsa ba, domin bai sani ba ko waya ta yi ƙara kana cikin awo ka zuba sau biyu. Orval shi ne babban mai wa'azin wannan doka. Ya yi ta a filin harbi, ya yi ta a ƙofar coci, sau ɗaya ma ya yi ta a wajen jana'iza.

Sai kafaɗarsa ta dama ta lalace. Aka yi tiyata, likita ya ce shi da harbi sai dai kallo. Orval bai damu ba, don dama harbin bai taɓa burge shi ba. Ƙara ce kawai da ake jurewa don kwanso ya zama fanko. Ya koma gareji ya ci gaba da ɗuri, har ranar da ya miƙa hannu cikin bokiti ya taɓo ƙasa. Duk kwanson da ya mallaka ya cika. A filin harbi kuwa kowa ya koyi darasi daga wurinsa, yana kwashe nasa. Sayen sabo kuma, a wajen Orval, daidai yake da mutum ya sayo kifi a kanti ya ce shi ya kama.

Ya tarar da Duane a shagon shan kofi ya ajiye masa akwati a kan tebur.

"Ɗari biyu ne. Ka harbe su ka dawo min da kwanson."

"Wa ya ɗura?"

"Kai ma ka sani."

"To ai ka san amsar, tsoho. A bakinka na ji ta."

"Shekara arba'in muna tare, Duane. Ka taɓa ganin na yi kuskuren awo?"

"Ban taɓa ba. Ban kuma taɓa ganin ka yi awo kana shan maganin kafaɗa ba. Idona biyu ne kacal, ɗayan ma na karatu ne."

Orval ya ɗauki akwatinsa. Ya gwada mutum huɗu bayan Duane, kowanne ya karanta masa huɗubarsa ba tare da ya rage harafi ba.

Da aikin gareji ya mutu sai ya shigo cikin gida. Matarsa Loretta ta shekara arba'in da uku tana tafiyar da kicin ɗinta ba mai sa mata ido. A makon farko ya jera mata kwalaben kayan yaji bisa tsayi. A na biyu ya kawo sikelin albarushi ya fara auna mata garin kofi, ya kuma gano cewa cokalinta na awo yana ƙarya. Ranar da ya tsaya a bayanta tana kwaɓa biredin ayaba ya ce ta zarce da gishiri, sai ta wanke hannu ta ɗauki mukullin mota.

"Ɗauko akwatin nan. Da bindigar."

"Loretta, ba a harba abin da wani…"

"Shekara arba'in da uku kana cin abin da wani ya dafa, ba ka taɓa tambaya ko waya ta yi ƙara ba. Shiga mota."

Ina filin ranar, Duane ma yana nan. Loretta ba ta taɓa bindiga ba tun tana budurwa a gonar mahaifinta. Ta toshe kunne, ta zauna, ta harba. Duk wanda ke wurin ya ɗan ja da baya, har da Orval, wanda daga baya ya ce inuwa yake nema. Babu abin da ya fashe. Ta harba arba'in a jere, shi kuma yana gefe da bokiti yana tare kwanso da hannun hagu.

Duane ya leƙa takardar da ta harba ya daɗe yana kallo.

"Orval, ashe harsashinka na da kyau. Mai harbin ne matsalar duk shekarun nan."

Yanzu duk Talata da Juma'a Loretta tana filin harbi, Orval kuma ya koma gareji daga safe zuwa la'asar. Sai dai ƙofar ba ta rufuwa kamar da. Loretta takan leƙo ta ce na makon jiya suna ja hagu, ya sake duba awonsa, kuma tana son ɗari kafin Juma'a.