Yadda Alƙasim Ya Koyi Cewa Zo

Alƙasim na Tabotaki bai taɓa zama a bencin lekol ya yi karatun boko ba. Shekara sittin da ɗoriya yana noman gero a gona guda, gindin dutse, kuma tafiyarsa mafi nisa ita ce Tawa. Amma fa mutum ne mai dogon tunani. Sai ka gan shi ya dogara da hauya yana kallon girgije har rana ta take, matarsa Tabawa na faɗa da tuwo a hannu.

Ɗansa Sufyanu ne ya yi nisa. Karatun noma ya kai shi Japan, ya yi aure can, aka haifa masa ɗiya, Mardiya. Shekararta shida, kakanta bai taɓa riƙe hannunta ba. Duk Juma'a da hantsi yakan ga fuskarta a waya. Ya ce mata "amaryata", ta yi murmushi ta ɓuya bayan ubanta, don ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri.

Sai ga idon tsohon ya fara dushewa. Lokotoro ya gaya masa gaskiya: hasken na tafiya, kuma ba zai dawo ba. Abin ya taɓa shi ƙwarai. Tsoronsa ɗaya, kada duhu ya riga yarinyar zuwa.

Ya ce wa Sufyanu, "Ka koya mini cewa zo da bakinsu. Ni zan kira ta da kaina. Kai in an bar ka, sai ka ce aiki."

Sufyanu ya zana alamar a takarda ya nuna masa ta waya: 来. Zane bakwai. Ya ce an ce tun asali hoton tsiron alkama ne. Tsoho ya matso da ido ya ce alkamar me, wannan ai karan gero ne ya buɗe ganye.

Nan wahala ta fara. Alama guda, sunanta ya ƙi zama wuri ɗaya. Zuwa kuru ne. In kira kake, kite. In kuma ka kuskure ka ce konaide, ka ce kada ta zo ke nan.

"Ku, ki, ko," in ji Tabawa. "Malam, wannan ai Hausarmu ce suka yanyanka."

Bai kula ta ba. Damina guda yana zana karan nan a jiƙaƙƙen yashi da tsinke, yana maimaitawa. Wani lokaci sai ya ga kamar gonar duka rubutu ce, kowane kara na kaɗa ganye wajen gabas yana kira. Har yakan hango yarinyar na tahowa tsakanin kunyoyin gero, kanta bai kai zangarniya ba.

Bayan girbi ya ce ya shirya. Ran nan fuskarta ta zame masa kamar wata a cikin hazo. Ya gyara murya.

"Mardiya. Kite."

Sai ta fito daga bayan ubanta, ta matso har hancinta ya cika wayar. Karo na farko ke nan da ta yi masa magana.

"Rainen kimasu."

"Mi ta ce?"

"Ta ce baɗi za ta zo, Baba. Alamar taka ce dai a farkon kalmar baɗin, amma can rai ake karanta ta."

"Rai?"

"Rai."

Farin ciki ya cika Alƙasim, baƙin ciki ma haka, don ya san idon ba zai kai baɗi ba.

"To, in da shi," ya ce. "Gaya mata in ta iso ta yi magana tun daga ƙofar gida. Na riga na riƙe muryar."